Edvard Grieg (1843–1907): Makaɗin da Ya Sa Fiyano Ta Yi Amon Ƙararrawa

Gabatarwa

A ƙasar Hausa kiɗa da waƙa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ko makaɗi bai buɗe baki ba, kalangunsa ko algaitarsa magana suke yi, domin wanda ya san take yana iya jero maka kalmomin da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya. To amma a ƙasashen Turai akwai wani nau'in kiɗa wanda babu kalma ko ɗaya a cikinsa, ba ya yabon kowa, ba kuma don rawa aka yi shi ba. Aikinsa shi ne ya zana wa kunne wani yanayi, kamar yadda mai zane yake zana wa ido. Wannan maƙala za ta kawo tarihin ɗaya daga cikin waɗanda suka share fagen irin wannan kiɗa, wato Edvard Grieg na ƙasar Norwe, tare da tsayawa a kan wani ɗan gajeren kiɗansa na fiyano mai suna Klokkeklang, ma'ana Amon Ƙararrawa, wanda ya fito a 1891.

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin Hausa da makaɗin Turai? Dalilina shi ne, Grieg ya rayu a ƙasar da masu ilmin boko suke raina harshen ƙauye da kiɗan ƙauye, shi kuwa ya koyi ƙa'idojin manyan makarantu, sa'annan ya koma gida ya kasa kunne ga makiyaya da masu goge. Ni da na tashi a Misau da Fulatanci a bakina, na tsinci Hausa a makaranta da kasuwa da wurin wasa, na ga rayuwarsa tana da abin da za ta koya wa mai nazarin harshe.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Edvard Grieg ranar 15 ga Yuni, 1843, a Bergen, wani birnin fatake da masunta a gaɓar yammacin Norwe. Asalin gidansu daga Sikotilan ne, domin kakan mahaifinsa, Alexander Greig, shi ya yi ƙaura ya zauna a Bergen wajen shekarar 1770, a nan ne rubutun sunan ya juya ya koma Grieg. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, kuma wakilin Ingila a birnin. Mahaifiyarsa, Gesine Hagerup, gwanar fiyano ce, ita ta fara koya masa yana ɗan shekara 6.

A 1858 wani mashahurin mai gogen Turawa, Ole Bull, ya ziyarci gidan, ya saurari yaron, ya shawarci iyayen su tura shi makarantar koyon kiɗa ta Leipzig a Jamus. Yana ɗan shekara 15 ya tafi. A can ya sha karatun ƙa'idojin haɗa sauti irin na Jamusawa, ko da yake bai ji daɗin yadda wasu malaman suke koyarwa ba. A 1860 ya kamu da ciwon haƙarƙari da tarin fuka, huhunsa na hagu ya lalace. Sauran rayuwarsa duka da huhu ɗaya ya yi ta, kullum cikin laulayi. Duk da haka ya koma makaranta ya kammala a 1862.

Ƙasar da Take Neman Muryarta

Kafin a fahimci Grieg sai an san halin da ƙasarsa take ciki. Norwe ta yi kimanin shekara 400 a ƙarƙashin Denmak, har zuwa 1814, daga nan aka haɗa ta da Suwidin ƙarƙashin sarki ɗaya, ba ta tsaya da ƙafafunta ba sai 1905. Harshen littafi da na coci da na kotu na Denmak ne. Kare-karen harshen da manoma suke yi a kwaruruka ana ɗaukar su maganar marasa wayewa. Wani masanin harshe ɗan ƙauye, Ivar Aasen, ya zagaya ƙasar yana tattara waɗannan kare-kare, ya fitar da littafin nahawu a 1848 da ƙamus a 1850, daga baya ya gina daidaitaccen rubutu a kansu, wanda aka kira Landsmål. A 1885 majalisar ƙasar ta ba shi matsayi ɗaya da harshen littafi na da, kuma shi ne ake kira Nynorsk tun 1929.

Abin da Aasen ya yi wa harshe, shi wasu matasa suke son yi wa kiɗa. Grieg ya koma birnin Kofenhagen a 1863, a can ya haɗu da Rikard Nordraak, saurayin da ya tsara kiɗan taken ƙasar Norwe. Nordraak ne ya cusa masa ra'ayin cewa ɗan Norwe ba sai ya kwaikwayi Jamusawa ba, akwai abin ɗauka a kiɗan gida. Abotar ba ta daɗe ba. Nordraak ya mutu a Balin a 1866 yana da shekara 23, tarin fuka ya kashe shi. Grieg yana Roma labari ya iske shi, nan take ya tsara masa kiɗan jana'iza, wanda daga baya ya bar wasiyya a kaɗa shi ranar tasa jana'izar.

Aure da Fitowar Suna

A 1867 ya auri Nina Hagerup, mawaƙiya, 'yar kawunsa, wato auren zumunci kamar yadda muka sani a nan. Mafi yawan waƙoƙin da ya sa wa kiɗa domin muryarta ya tsara su. Sun sami 'ya ɗaya tak, Alexandra, a 1868, sanƙarau ya ɗauke ta a 1869, ba su sake haihuwa ba.

A shekarar da aka haifi yarinyar ne ya rubuta babban kiɗansa na fiyano tare da gungun makaɗa, wanda har yau yana cikin waɗanda aka fi kaɗawa a duniya. A 1870 ya ziyarci Franz Liszt a Roma, wanda a zamanin ba a da kamarsa a fiyano. Liszt ya ɗora takardun a gabansa ya kaɗa su a ganin farko, ya kuma ƙarfafa masa gwiwa ya ci gaba a kan hanyarsa. A 1874 majalisar Norwe ta yanka masa albashin shekara-shekara domin ya sami sukunin aiki. A wannan shekara marubucin wasan kwaikwayo Henrik Ibsen ya nemi ya tsara kiɗan wasansa, Peer Gynt, aka fara nuna shi a watan Fabrairun 1876. Ko wanda bai san sunan Grieg ba, da wuya a ce bai taɓa jin wani yanki na wannan kiɗa a fim ko talla ba.

Sai dai inda Grieg ya fi sakewa shi ne ƙananan kiɗe-kiɗe na fiyano ita kaɗai, masu tsawon minti biyu ko uku. Tsakanin 1867 da 1901 ya fitar da guda 66 a cikin littattafai 10, kamfanin Peters na Leipzig yana bugawa, ana saye a gidaje ko'ina a Turai. Wannan ya kawo masa kuɗi da suna, ya kuma jawo masa raini daga masu ganin cewa gwani sai mai dogon aiki. A 1885 ya gina gida a bakin ruwa kusa da Bergen, ya sa masa suna Troldhaugen, daga baya ya ƙara wata 'yar bukka a gefe inda yake kaɗaita ya yi rubutu.

Tafiyar 1891

A bazarar 1891 Grieg ya hau tsaunukan Jotunheimen tare da abokansa biyu, Frants Beyer da Julius Röntgen. A Norwe idan sanyi ya ja baya, akan kora dabbobi zuwa makiyaya a kan tsauni, 'yan mata su zauna da su a bukkoki suna tatsa suna yin man shanu da cuku, kusan yadda namu suke tafiya mashekari. A ɗaya daga cikin waɗannan bukkoki suka haɗu da Gjendine Slaalien, budurwa 'yar kimanin shekara 20, suka ji waƙar reno da take yi da irin kiran da ake yi wa shanu daga nesa. Grieg ya sa waƙar renon tata a wani littafi da ya tsara a 1896, da sunanta a jiki.

A wannan shekara ta 1891 ya fitar da littafi na biyar na ƙananan kiɗe-kiɗen, mai ɗauke da guda 6, ya sadaukar da shi ga Röntgen. Na farko sunansa Yaro Makiyayi, kuma duk wanda ya taɓa jin sarewar makiyayi da yamma a bakin kogin Misau zai gane kaɗaicin da ke cikinsa. Na ƙarshe shi ne Amon Ƙararrawa.

Amon Ƙararrawa

Domin wanda bai taɓa zama gaban fiyano ba, ga yadda take. Tana da maɓallai 88, farare da baƙaƙe. Idan aka danna maɓalli, wata 'yar guduma ce take dukan tsirkiya a ciki, idan aka saki sai wani ɗan tsumma ya danne tsirkiyar ta yi shiru. A ƙasa akwai mataki, wanda idan aka taka shi sai tsumman duka su ɗaga, tsirkiyoyin su ci gaba da kuka, sautin baya ya haɗu da na gaba.

A kiɗan Turai na zamanin Grieg, tubalin gini sauti uku ne da ake bugawa tare. Idan ka danna farin maɓalli, ka tsallake ɗaya ka danna na uku, ka sake tsallake ɗaya ka danna na biyar, ka sami tubalin. Na tsakiyar nan shi ne gishirin miya, shi yake sa kunne ya ji kiɗa ya yi fara'a ko ya yi baƙin ciki. Idan aka cire shi aka bar na ɗaya da na biyar, sai sautin ya fito fayau, kamar ɗakin da aka kwashe kayan cikinsa. Haka kuma akwai wata doka da kowane ɗalibi a Leipzig yake haddacewa, cewa ba a jera irin wannan tazara ta biyar a jere, wata bin wata, domin muryoyin biyu sukan narke su zama ɗaya. Malami yakan ja wa ɗalibi jan layi a kan haka.

Abin da aka hana ɗin shi Grieg ya ɗauka ya gina kiɗan da shi. Hannun hagu yana ta maimaita tazarar biyar a ƙasa, hannun dama yana ɗora wata tazarar biyar a sama, matakin nan kuma yana barin su su cakuɗe. Babu wani karin waƙa da mutum zai riƙe ya tafi yana rerawa. Kiɗan yana farawa a hankali kamar daga nesa, ya yi ta matsowa yana cika har ya kai ƙarshen ƙarfi, sa'annan ya ja baya ya ɓace. Duka-duka bai fi minti biyu da 'yan kai ba.

Dalilin da ya sa wannan ya yi daidai da ƙararrawa yana cikin ƙarfen kansa. Ƙararrawa ba sauti ɗaya take bayarwa ba. Duk wanda ya yi firamare a garuruwanmu ya san tsohon ƙarfen ƙafar mota da ake ratayewa a bishiyar darbejiya. Idan aka doke shi akwai ƙarar dukan, akwai wani siririn amo a sama, akwai kuma wani gurnani a ƙasa da yake daɗewa bayan an ajiye sanda. Idan aka sake duka kafin na farko ya mutu, sai su hau juna. In kana nesa, iska ta kawo wani ta ɗauke wani. Wannan cakuɗewar ce Grieg ya rubuta. Da ya bi dokar makaranta da ya sami kiɗa mai tsafta, amma da ba a ji ƙararrawa ba.

Turawa suna kiran wannan salo imfireshanizim. Sunan ya samo asali daga zane-zane, daga wani hoto da Claude Monet ya zana a 1872 na fitowar rana a tashar jirgin ruwa cikin hazo. Masu wannan salo ba sa zana gefen abu da kaifi, abin da ido ya kama a cikin ƙiftawa shi suke ajiyewa, kamar yadda ake ganin kuka da safe a lokacin hunturu, ana gane ta amma ba a ƙirga rassanta. A fagen kiɗa an fi danganta salon da Claude Debussy na Faransa, wanda a 1910 ya fitar da wani kiɗan fiyano a kan cocin da ruwa ya haɗiye, shi ma cike da amon ƙararrawa da jerin tazarar biyar. Grieg ya riga shi da shekara 19. Abin lura shi ne, tazarar biyar mai maimaituwa a ƙasa ba baƙuwa ba ce a kunnen ɗan ƙauyen Norwe, domin haka gogensu yake gurnani. Abin da ya zama sabo a dandalin birni, tsohon abu ne a gida.

Wani mai jagorantar makaɗa a Amurka, Anton Seidl, ya juya guda huɗu daga littafin zuwa kiɗan gungu a 1894, har da wannan. Da Grieg ya sake gyara aikin bayan kimanin shekara goma, sai ya cire Amon Ƙararrawa ya sa Yaro Makiyayi a madadinsa. 

Harshe da Gogen Ƙauye

Grieg ɗan birni ne, ba da Landsmål aka rene shi ba, amma ya goyi bayansa a fili, ya kuma ji daɗinsa a bakin mawaƙi. Ya sa wa waƙoƙin Aasmund Vinje guda 12 kiɗa, mafi yawansu a 1880. Da littafin Arne Garborg mai suna Haugtussa ya fito a 1895, wanda yake ba da labarin wata yarinya makiyayiya, a shekarar ya kama aiki a kansa, aka buga guda 8 a 1898. Masana da yawa suna ganin a nan ne waƙoƙinsa suka fi nuna. A matsayina na wanda ya zo wa Hausa daga waje, wannan yana ƙarfafa mini gwiwa, domin ya nuna wanda bai sha harshe a nono ba yana iya yi masa hidima idan ya iya saurare.

A 1901 wani tsohon mai goge daga yankin Telemark, Knut Dahle, ya rubuto masa yana tsoron kada kiɗe-kiɗen da ya gada su bi shi kabari. Gogen nasu, na Hardanger, yana da tsirkiya huɗu a sama da ake gogawa, da wasu huɗu ko biyar a ƙarƙashi waɗanda ba a taɓa su, sai dai su amsa da kansu. Grieg ya biya kuɗin tafiyar tsohon zuwa babban birni, inda abokinsa Johan Halvorsen ya zauna da shi ya rubuta guda 17. Halvorsen ya sha wuya, domin tsohon yana buga wasu sautuka da suke faɗawa tsakanin maɓalli da maɓalli, da wasu ƙananan lanƙwasa waɗanda alamomin rubutu ba su da gurbinsu. Grieg ya juya su zuwa fiyano tsakanin 1902 da 1903, bai kuma goge kaushinsu ba.

Wannan matsala mun san ta. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa kuka na hawaye da kuka ta miya suke fitowa iri ɗaya a takarda. Ɗan harshe yana cike giɓin da kansa, mai koyo kuwa sai ya ji daga baki. Harshen Norwe ma yana bambanta wasu kalmomi da karin sauti wanda rubutu bai nuna ba. Takarda tana adana abu, amma ba ta kwashe shi duka.

Ƙarshen Rayuwarsa

Duk da rashin lafiya, Grieg ya yi ta yawon kaɗe-kaɗe a biranen Turai. Jami'ar Kambirij ta ba shi digirin girmamawa a 1894, ta Okusfod a 1906. A 1899 aka gayyace shi Faris ya ƙi zuwa, saboda zaluncin da kotun soja ta yi wa Alfred Dreyfus, wani hafsa Bayahude da aka yi wa ƙazafin cin amanar ƙasa. Wasiƙar ƙin ta fito a jaridu, aka yi ta aiko masa da zagi. Da ya je a 1903 wasu sun yi masa ihu a zauren, amma ya tsaya ya yi aikinsa. Debussy kansa ya yi masa shaguɓe a jarida, ya kamanta kiɗansa da alewa. A wannan zuwa ne aka ɗauki kiɗansa a faya-fayai 9, waɗanda har yau ana iya sauraronsu a YouTube cikin ƙarar tsohon garmaho.

Ya ga 'yancin ƙasarsa a 1905. Ya mutu a asibitin Bergen ranar 4 ga Satumba, 1907, yana da shekara 64, a kan hanyarsa ta zuwa Ingila. Mutum dubu 30 zuwa 40 ne suka cika titunan birnin ranar jana'izarsa, aka kaɗa kiɗan nan da ya yi wa Nordraak. An ajiye tokarsa a jikin wani dutse mai kallon ruwa a Troldhaugen, Nina ta bi shi a 1935. Gidan yanzu wurin tarihi ne.

Kammalawa

Abu biyu na ɗauka daga wannan tarihi. Na farko, Grieg bai karya doka da jahilci ba, sai da ya yi shekara huɗu yana koyonta, sa'annan da kunnensa ya ji abin da dokar ba ta ɗauka ba, ya bi kunnen. Mu ma nahawun da muke koyo a aji fitila ce, amma idan tsohuwa a Dambam ko Giade ta faɗi jimlar da ba ta cikin littafi, aikinmu mu rubuta ta yadda ta faɗa, mu nemi dalilinta.

Na biyu, Knut Dahle ya sami wanda ya amsa masa tun yana da rai. A ƙasar Misau da Katagum da Jama'are akwai tsofaffin masu algaita da gurmi da sarewa, da mata masu waƙar daɓe da ta niƙa, da Hausa da Fulatanci da Barbarci da Karekare, waɗanda injin niƙa da siminti suka riga suka raba su da wurin yin waƙar. Halvorsen da alƙalami kawai ya yi aikinsa, mu kuwa kowannenmu yana da waya a aljihu mai ɗaukar murya da duk lanƙwasarta. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu neman batun kundin digiri, idan an tafi hutu a nemi izinin tsoho ɗaya a zauna da shi, a ɗauki muryarsa, a rubuta sunansa da garinsa da ranar, a kawo wa sashe ya adana.